Ronald Ross: Likitan soja da ya kama sauro da laifin yaɗa maleriya

A yau ko ɗan firamare aka tambaya abin da ke kawo maleriya, amsar tana cikin sunan da ake kiran cutar da shi, wato zazzaɓin cizon sauro. Sai dai sunan nan sabo ne idan aka gwada shi da daɗewar cutar. Mutanen da masassara suke cewa, sun kuma lura tana ƙaruwa da damina, amma ba su san ta inda take shiga jiki ba. Likitocin Turai ma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗora laifin a kan tururin da ke tashi daga fadamu, shi ya sa kalmar maleriya a harshen Italiya take nufin gurɓatacciyar iska.

Mutumin da ya fara ganin ƙwayar cutar tana girma a jikin sauro shi ne Ronald Ross, likitan sojan Birtaniya da ke aiki a Indiya. Bayan binciken da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel, ya shafe sauran rayuwarsa yana ƙoƙarin shawo kan hukumomi cewa ana iya karya lagon cutar muddin aka rage sauro zuwa wani mataki, aka kuma ɗore a kan aikin. Tun yana raye duniya ta karɓi bincikensa, amma har yau ana fama da wannan kira nasa na biyu.

Haihuwa da tasowa

An haifi Ross ranar 13 ga Mayu, 1857, a garin Almora da ke gindin tsaunukan Himalaya a arewacin Indiya. Shi ne babba cikin 'ya'ya goma na Campbell Ross, hafsan soja wanda ya kai muƙamin janar. Yana da shekara takwas aka aika shi Ingila karatu a hannun dangi, kamar yadda ma'aikatan mulkin mallaka suka saba yi da 'ya'yansu.

Tun yana yaro hankalinsa yana kan zane, kiɗa, waƙa da lissafi. Aikin likita zaɓin mahaifinsa ne, shi kuwa ya bi. A 1874 ya shiga makarantar likitanci ta asibitin St Bartholomew da ke Landan, inda bai yi wani fice ba. Ya faɗi ɗaya daga cikin jarrabawar ƙarshe, ya kama aikin likita a jirgin ruwan da ke zirga-zirga a Tekun Atlantika, kafin ya sake zama ya ci. A 1881 ya shiga sashen likitocin rundunar Indiya.

Shekarunsa na farko a aikin sun tafi ne wajen yawo daga bariki zuwa bariki: Madras, Bama, tsibiran Andaman. Lokacin hutunsa yana ƙarewa a rubuta labarai da warware matsalolin lissafi. A Bangalore, a 1883, sauro ya hana shi barci, ya bincika ya tarar da tsutsotsinsu cike da wani mazubin ruwa a bayan tagarsa. Da ya kifar da ruwan sai sauron ya ragu. Ya kai shawarar a yi haka a barikin duka, ba wanda ya kula shi. A hutun da ya yi a Ingila tsakanin 1888 da 1889 ya yi karatun kiwon lafiyar jama'a da na ƙwayoyin cuta, ya kuma auri Rosa Bloxam, wadda ta haifa masa 'ya'ya huɗu.

Haɗuwa da Manson

Tun ranar 6 ga Nuwamba, 1880, wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar maleriya a jinin wani soja a asibitin Constantine da ke Aljeriya. Ross ya yi ta neman ƙwayar a jinin majinyatansa bai gan ta ba, har ya rubuta yana musanta cewa akwai ta. Ashe kuskuren daga wajensa yake, don bai san abin da ya kamata ya nema ba.

A 1894, lokacin wani hutun a Landan, ya ziyarci Patrick Manson, likitan da ya daɗe yana aiki a ƙasar Sin, inda ya gano cewa tsutsar da ke haddasa tundurmi tana girma a cikin sauro. Manson ya zaunar da shi gaban madubin likita, ya nuna masa ƙwayar Laveran a jinin wani majinyaci. Daga baya ya bayyana masa hasashensa cewa ita ma wannan ƙwaya sauro ne ke ɗauke da ita. A zaton Manson, sauron yana mutuwa a ruwa, mutum ya sha ruwan ya kamu. Wannan ɓangare na hasashen ba daidai ba ne, amma ya nuna wa Ross inda zai sa ido.

Ross ya koma Indiya a 1895, aka ajiye shi a Secunderabad kusa da Haidarabad. Daga nan wasiƙu sama da ɗari suka gudana tsakaninsa da Manson cikin shekaru huɗu. Ɗaya yana aiko da abin da ya gani, ɗayan yana mayar da shawara da ƙarfafa gwiwa, yana kuma bi masa kadi a ofisoshin Landan.

Ranar 20 ga Agusta

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Ross bai karanci ilimin ƙwari ba, bai san sunayen nau'o'in sauro ba, da launi kawai yake bambanta su. Bai kuma san cewa a cikin nau'o'i masu ɗimbin yawa, matan jinsi ɗaya ne kaɗai ke iya ɗaukar maleriyar ɗan Adam ba. Saboda haka ya kwashe sama da shekara biyu yana feɗe ɗaruruwan sauro waɗanda ba su ne masu laifin ba. Ya gwada shayar da mutane ruwan da sauro ya mutu a ciki, bai sami sakamakon da za a dogara da shi ba. A tsakiyar aikin hukuma ta tura shi Bangalore yaƙi da kwalara na fiye da shekara guda. A 1897 shi kansa zazzaɓin ya kwantar da shi bayan ziyarar wani kwari mai yawan cutar kusa da Ooty.

A watan Agustan 1897, a Secunderabad, ma'aikatansa suka kawo masa wani irin sauro mai ɗige-ɗige a fiffike, wanda ke ɗaga bayansa sama idan ya sauka a bango. Ranar 16 ga wata ya sa waɗannan sauraye suka ciji wani majinyaci mai suna Husein Khan, wanda jininsa ke ɗauke da ƙwayar cutar. Ana biyansa anna ɗaya, wani ƙaramin kuɗin Indiya na lokacin, a kan kowane cizo. Ross ya riƙa feɗe su ɗaya bayan ɗaya kowace rana. Ɗakin zafi ne ƙwarai, ga shi ba ya barin a kaɗa fanka don kada iska ta kwashe ɗan abin da ya feɗe. Gumi ya sa ƙusoshin madubinsa sun yi tsatsa, gilashin da yake leƙawa kuma ya tsage.

Ranar 20 ga Agusta saura biyu suka rage. A jikin tumbin na farko ya ga wasu ƙananan ƙulluka zagayayyu waɗanda ba su yi kama da naman sauro ba. A cikin kowannensu akwai baƙaƙen ɗigo. Waɗannan ɗigo su ne shaidar, domin ƙwayar maleriya idan ta ci jan jini takan bar irin wannan baƙin saura, kuma Ross ya saba ganinsa a jinin majinyata. Washegari ya feɗe na ƙarshe, ya tarar da ƙullukan sun ƙara girma. Abin da ke girma kuwa mai rai ne. An buga sakamakon a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya ranar 18 ga Disamba, 1897. Sauron da ya yi aiki da shi shi ne wanda masana ke kira Anopheles.

Tsuntsayen Kalkata

Wata guda bayan wannan nasara sai takardar canjin wurin aiki ta iso. Aka tura shi Kherwara a yankin Rajputana, ƙaramin bariki da ba shi da majinyatan da zai ci gaba da bincike a kansu. Sai da Manson ya yi ta kai-komo a Landan kafin a ba Ross aiki na musamman a Kalkata a watan Fabrairun 1898.

A can ma ya tarar da cikas. Lokacin ba na zazzaɓi ba ne, ga tsoron annoba ya sa mutane suna gudun duk likitan da ya zo da allura. Sai ya koma kan tsuntsaye, domin su ma suna da tasu maleriyar, wadda wani sauro na daban ke yaɗawa. Da taimakon ma'aikatansa 'yan Indiya, musamman Muhammad Bux wanda ya ƙware wajen kamo sauro da tsuntsaye, ya bi ƙwayar mataki-mataki. Ya ga ƙullukan nan suna girma har su fashe, su saki dubban ƙananan halittu masu kama da zare. A watan Yuli ya gano inda suke taruwa, wato jakar yawun sauro. Daga nan al'amarin ya fito fili. Sauro idan zai sha jini yakan fara tofa yawu a cikin fata, kuma ta wannan yawu cutar ke shiga. Ya sa saurayen da suka ciji tsuntsaye marasa lafiya suka ciji masu lafiya, akasarinsu suka kamu.

Ya aika wa Manson saƙon tangaraho, shi kuma ya sanar da taron likitocin Birtaniya a Edinburgh a ƙarshen watan. Shan ruwa da shaƙar iska duk sun fita daga lissafi.

Rigima da Italiyawa

Abin da ya rage shi ne a tabbatar da haka a jikin mutum, amma hukuma ta sake tura Ross yankin Assam binciken wata cuta mai suna kala-azar, inda ya yi kuskuren ɗaukarta a matsayin wani nau'in maleriya. Kafin ƙarshen 1898 masana uku a Italiya, Giovanni Battista Grassi, Amico Bignami da Giuseppe Bastianelli, suka nuna cewa sauron Anopheles ne ke yaɗa maleriyar ɗan Adam, suka kuma bayyana yadda ƙwayar ke girma a cikinsa. A 1900 Manson ya ƙara hujja mai ƙarfi. An kawo saurayen da suka ciji majinyata daga Rum zuwa Landan, suka ciji ɗansa na cikinsa, ya kamu, aka yi masa magani da kwinin ya warke.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma Ross bai ga abin haka ba. Ya zargi Italiyawan da satar aikinsa, su kuma suka ce shi a kan tsuntsu kawai ya kammala nasa. A 1902 aka ba shi lambar Nobel shi kaɗai, ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya same ta. Duk da haka bai huce ba, ya ci gaba da sukar Grassi har bayan shekaru ashirin. Daga baya ma dangantakarsa da Manson ta yi tsami, ya riƙa rage darajar gudummawar mutumin da ya ɗora shi a hanya. Mafi yawan masu tarihin kimiyya a yau suna ganin Grassi ya cancanci rabo a girmamawar.

Freetown, Legas da Isma'iliyya

A 1899 Ross ya ajiye aikin soja, ya zama malami a sabuwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool. Attajirin jiragen ruwa Alfred Jones ne ya assasa ta, domin zazzaɓi yana cinye ma'aikatan kamfanonin da ke ciniki da Afirka ta Yamma. A watan Agustan shekarar Ross ya sauka a Freetown ta ƙasar Saliyo, inda ya sami ƙwayar maleriyar ɗan Adam a jikin nau'i biyu na Anopheles, waɗanda a yau ake kira gambiae da funestus. Su ne har yanzu kan gaba wajen yaɗa cutar a Afirka.

Ya lura cewa wannan sauro yana hayayyafa ne a ƙananan kududdufai, saboda haka ya ce a cike su, a gyara magudanan ruwa, a zuba kananzir a waɗanda ba su cikuwa. A 1901 ya koma Freetown ya kafa ƙungiyoyin leburori da ke bi gida-gida suna kwashe gwangwanaye da kwalabe. Garin ya yi tsaf na ɗan lokaci. Da kuɗin ya ƙare, damina ta dawo, kududdufai suka dawo, sauro ma ya dawo.

A wannan shekarar ya ziyarci Legas, inda ya sami gwamna William MacGregor, wanda shi ma likita ne. MacGregor yana cike fadamu, yana raba kwinin, yana sa a koyar da tsafta, kuma ya ƙi yarda a ware wa Turawa unguwa su bar 'yan ƙasa da cutar. Sauran hukumomin mulkin mallaka kuwa hanya mai arha suka ɗauka. Cikin shawarwarin da Ross da wasu masana suka bayar akwai nisanta gidajen Turawa daga na 'yan ƙasa, kuma ita aka fi saurin aiwatarwa. A Freetown aka gina wa Turawa unguwa a kan tudu. A Nijeriya dokar birane ta 1917 ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da sauran gari, kuma gudun sauro yana cikin hujjojin da aka bayar. Unguwannin da ake kira GRA a Kano, Kaduna da Zariya suna da tushe a wannan tsari.

Inda shawararsa ta yi aiki sosai shi ne Isma'iliyya ta ƙasar Masar, wadda ya ziyarta a 1902 bisa gayyatar kamfanin mashigin Suez. Garin ƙarami ne a cikin hamada, wuraren da ruwa ke kwanciya ƙidayayyu ne, kamfanin kuma yana da kuɗi da ikon tilasta aiki. Cikin 'yan shekaru cutar ta kusa ɓacewa daga garin.

Lissafin sauro

Masu suka sun riƙa cewa ba mai iya kashe sauron duniya duka, don haka aikin ɓata kuɗi ne. Ross ya ba su amsa da lissafi, fannin da ya fi ƙauna tun yana yaro. A rahotonsa kan tsibirin Mauritius na 1908, da littafinsa kan rigakafin maleriya na 1910 wanda ya faɗaɗa a 1911, ya jera sharuɗɗan da sai sun cika kafin cutar ta tashi daga mutum zuwa wani. Sai sauro ya ciji mai ɗauke da ita, ya rayu har ƙwayar ta kammala girma a cikinsa, wanda kan ɗauki kwana goma ko fiye, sannan ya sake cizon wani. A kowane mataki akwai masu faɗuwa. Idan yawan sauro a kan kowane mutum ya sauka ƙasa da wani adadi, sababbin masu kamuwa ba za su kai yawan masu warkewa ba, cutar kuma za ta mutu da kanta ko da akwai sauran sauro a gari. A lokacin yaƙin duniya na farko ya ƙara zurfafa wannan aiki tare da masaniyar lissafi Hilda Hudson.

Ya kuma bar wa ɗakunan gwaje-gwaje wata dabara. A 1903 ya bayyana hanyar ɗiga jini mai kauri a kan gilashi, a busar da shi, a wanke jan launinsa, sannan a rina, ta yadda mai dubawa zai ga jini mai yawa a leƙe ɗaya. Da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ita ce hanyar da ake bi har yau idan aka ɗauki jinin majinyaci don gwajin maleriya da madubi.

Ƙarshen rayuwa

An ba shi sarautar Sir a 1911, ya koma Landan da zama a 1912. Yaƙin 1914 ya cinye babban ɗansa namiji tun a makonnin farko. Shi kansa ya yi wa ma'aikatar yaƙi aikin ba da shawara kan zazzaɓin da ke kwantar da sojoji. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma raunin Ross shi ne ƙorafi. Ya yi ta kukan cewa ƙasarsa ba ta saka masa ba, har ya nemi majalisa ta ba shi kyautar kuɗi, ba a ba shi ba. A 1926 aka buɗe cibiyar bincike mai ɗauke da sunansa a Putney da ke Landan. Shekara guda bayan haka ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma a 1928 ya sa takardunsa a kasuwa saboda buƙatar kuɗi. Matarsa ta rasu a 1931, shi kuma ya bi ta ranar 16 ga Satumba, 1932, yana da shekara 75.

Daga Putney zuwa Garki

Bayan yaƙin duniya na biyu, George Macdonald, wanda ya shugabanci cibiyar Ross, ya ɗora a kan lissafin. Ya nuna cewa gajarta rayuwar babban sauro ta fi rage tsutsotsinsa tasiri, tun da sauron da ya mutu kafin ƙwayar ta nuna a cikinsa ba zai cutar da kowa ba. Wannan ya ƙarfafa shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1955 na kawar da cutar ta hanyar feshin DDT a bangon ɗakuna. Shirin ya yi nasara a kudancin Turai da wasu wurare, bai taɓa mafi yawan Afirka ba, aka kuma jingine shi a 1969.

A wannan shekarar hukumar da gwamnatin Nijeriya suka fara wani babban bincike a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, Jigawa ta yanzu, wanda ya kai 1976. An ƙidaya cizon sauro, an gwada jinin dubban mutane a kai a kai, an yi feshi, an raba magani ga jama'a baki ɗaya. Inda aka haɗa feshi da magani masu ɗauke da ƙwayar sun ragu ƙwarai, amma yaɗuwar ba ta yanke ba, kuma bayan an daina sai cutar ta koma yadda take. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon da aka fesa. Garki ta nuna cewa matakin da Ross ya lissafa yana da nisa ƙwarai a wannan yanki, kuma makami ɗaya na ɗan lokaci ba zai kai gare shi ba.

An tabbatar da Aljeriya, inda aka fara ganin ƙwayar, a matsayin wadda ta rabu da maleriya a 2019, Masar kuma a 2024. Nijeriya har yanzu tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Gidan sauro mai magani, maganin rigakafin da ake ba yara da damina a jihohin Arewa, da allurar rigakafin da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024, kowannensu yana rage wani abu daga cikin lissafin da Ross ya fara. A kowace ranar 20 ga Agusta ana tunawa da shi da sunan Ranar Sauro ta Duniya. Abin da ya faru a Freetown da Garki kuwa yana nuna cewa ranar da aka daina ba da kuɗi da kulawa, sauro yakan koma bakin aikinsa.